Ƙwaron da ba a kai wa mari: yadda za a gane Paederus fuscipes

Ɗalibanmu da ke karatu a Maleshiya da Indiya da Indonusiya, da 'yan kasuwa masu zuwa kudancin Sin, akwai wani ɗan ƙwaro da ya kamata ku san kamanninsa tun kafin ya sauka a wuyanku. Ba ya cizo, ba ya harbi. Amma duk wanda ya kai masa mari ya murje shi a kan fata, kafin kwana biyu zai ga wurin ya yi jawur, ya ɗuri ruwa, yana raɗaɗi.

Sunansa a wurin masana Paederus fuscipes, kuma wani masanin ƙwari ɗan Ingila, John Curtis, shi ya raɗa masa sunan a 1826. Ɗan gidan Staphylinidae ne, gidan da aka ƙidaya wa ire-ire sama da 60,000, reshen Paederus kaɗai ya haura 600. Asalinsa dangin su buzuzu ne, ko da yake wanda ya gan shi zai rantse tururuwa ce. A Indonusiya tomcat suke ce masa, a Maleshiya kuma Charlie, don haka in kun ga sanarwa da waɗannan sunaye a ɗakin kwanan ɗalibai, shi ake nufi.

Tsawonsa milimita 7 zuwa 10, bai wuce ƙwayar doguwar shinkafa ba. Launinsa ne ke tona shi, domin zuwa yake hawa-hawa. Kai baƙi. Ƙirji ruwan lemo mai ja-ja. Sai wasu gajerun murafun fiffike masu duhu, suna sheƙin shuɗi ko kore in haske ya buge su. Bayansu cikin ya fito a fili, shi ma ruwan lemo, sannan ƙarshen jela baƙi. Waɗannan gajerun murafai su ne alamar gidan gaba ɗaya: fiffiken gaske na naɗe a ƙarƙashinsu, shi ya sa mutane ke mamakin yadda ƙwaron da ba a ganin fiffikensa ke kaiwa saman dogon bene. In aka tsokane shi yakan ɗaga jela sama kamar mai shirin harbi, alhali ba shi da ƙari.

Tururuwa tana da tsukakken ƙugu da eriya mai lanƙwasa, shi kuwa jikinsa miƙe yake, eriyarsa ba gwiwa. Tsatso yana da almakashi a jela, shi babu. Iyakar abin da ido zai iya ke nan. Rarrabe fuscipes da 'yan'uwansa masu irin launinsa aikin masana ne, sai sun sa madubin ƙara girma sun duba al'aurar namijin. A ganina ba sai mun kai nan ba: duk siririn ƙwaro mai baƙi da ruwan lemo hawa-hawa, a ɗauke shi mai dafi.

Dafin ana kiransa pederin, yana cikin ruwan jikinsa, kuma wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin ƙwaron ne ke haɗa shi, galibi a jikin mata. Abin da ke ruɗa mutane shi ne jinkirin. Dare ake murje shi cikin barci, ba a ji komai ba, sai washegari ko jibi ƙunar ta bayyana, yawanci a miƙe bisa layin da hannu ya share. In a lanƙwasar gwiwar hannu ce, ɓangarorin biyu da suka haɗu duk su kama. Mafi muni shi ne a sosa ido da wannan hannun, idon ya kumbura ya rufe. Sau da yawa akan ɗauka ciwon nan ne mai fesowa a gefe ɗaya na jiki, wanda ƙwayar ƙarambau ke tayarwa, a yi ta shan maganin da bai dace ba.

To in ya sauka a jiki, a hure shi, ko a sa takarda ya hau a yar. In an riga an murje, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, a wanke hannu, a cire rigar. In ƙuna ta fito, a ɗora tsumma mai sanyi, kada a fasa ƙurajen, kada a shafa man goge haƙori ko toka ko kananzir. A je asibiti, musamman in ta shafi ido, ko ta yi faɗi, ko ta fara mugunya. Takan warke cikin mako biyu zuwa uku, sai dai tabon yakan daɗe.

Hasken farin lantarki ne ke janyo shi cikin ɗaki. A rufe taga da magariba ko a sa mata raga, a kashe fitilar da ke saman gado, a kakkaɓe zanin gado da tawul, a kwana cikin gidan sauro. An fi ganinsa bayan ruwan sama da lokacin girbin shinkafa, in aka yanke gona ko aka ƙone kara ya rasa mafaka. A 2012 ya addabi birnin Surabaya na Indonusiya har maganar ta cika kafafen labarai.

Manomin shinkafa kuwa ba maƙiyinsa ba ne. Ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan shinkafa su ne abincinsa, don haka feshin gona dominsa asara ce biyu, ga kuɗin magani ga kashe mai gadi.

'Yan'uwansa suna nan Afirka. A Kenya ana kiransu ƙudan Nairobi, sun yi yawa bayan ruwan 1997 da 1998, kuma likitoci sun ba da rahoton irin wannan ƙuna a Najeriya. Masu aikin fadama da mazauna kusa da gonakin shinkafa, wannan bayani naku ne. Ma'aikatan lafiya kuma, in mai ƙuna a miƙe ya zo muku da damina, ku tambaye shi inda yake kwana da irin fitilar ɗakinsa kafin ku rubuta magani.