Sanya Hoto da Daidaita Matsayinsa a Shafin Intanet

Sanya hoto a shafin intanet aiki ne mai hawa biyu: a gaya wa burauza, wato manhajar da ke buɗe shafukan intanet, inda hoton yake, sannan a gaya mata inda za ta ajiye shi. Na farko aikin HTML ne, harshen da ake rubuta abin da ke cikin shafi da shi, na biyu na CSS, harshen da ke tsara kamannin shafin. Hoton ba ya zama a jikin shafi kamar fasfo da aka liƙa a fom. Fayil ne mai zaman kansa, adireshinsa kawai shafin ke ɗauke da shi.

Marc Andreessen, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro burauzar Mosaic a Jami'ar Illinois ta Amurka, shi ya gabatar da alamar img a watan Fabrairun 1993. Har yau da ita ake aiki. Ga yadda ɗalibin da ke haɗa shafi kan tarihin Sakkwato zai rubuta ta:

<img src="hubbare.jpg" alt="Ƙofar Hubbaren Shehu a Sakkwato" width="800" height="600">

Kalmar src ita ke nuna adireshi. Harafi ɗaya ya kauce, sai a ga gurbi fayau. Shi ya sa ya fi kyau sunan fayil ya zama da ƙananan baƙaƙe, babu tazara, babu ƙ ko ɗ, domin sabobi, wato kwamfutocin da ke ajiye shafuka, da yawa suna bambanta Hubbare.jpg da hubbare.jpg. Ita kuwa alt, bayani ne da ke fitowa idan hoto ya ƙi buɗewa, kuma shi manhajar makafi ke karanta musu. Mutane da yawa suna barin ta babu komai don gaggawa, alhali wannan tauye haƙƙin mai karatu ne. Faɗi da tsawo, wato width da height, suna sa burauza ta keɓe wa hoto gurbinsa tun bai iso ba. In babu su, mutum na tsakiyar karatu sai rubutun ya zabura ƙasa, ya rasa layin da yake.

Da can ana daidaita hoto da kalmar align ko a cusa shi cikin tebur, wato jadawali mai layuka da gidaje. An bar wannan bayan fitowar CSS a 1996. Tsohuwar dabarar da ta rage ita ce float, wadda ke tura hoto hagu ko dama, rubutu ya zagaye shi kamar a jarida. Mai son hoto a tsakiya sai ya ba shi display: block tare da margin: auto. Jera hotuna da yawa kuma, kamar na mai sayar da takalma da jakunkunan fatar jar akuya, aikin dabarun CSS biyu ne, Flexbox ko Grid; shi Grid a 2017 manyan burauzoji suka karɓe shi. Akwai kuma position: absolute, mai kafe hoto a wuri ɗaya ba tare da kula da abin da ke kewaye ba. Yana da amfani wajen ɗora tambari a kusurwa, amma wanda ya gina dukan shafi da shi zai tarar hoto ya hau kan rubutu da zarar allo ya canza girma.

A nan ne batun yake da nauyi ga mutanenmu. Mai tsara shafi yana zaune gaban faffaɗan allon kwamfuta, mai karatu kuwa galibi waya ce a hannunsa, datarsa ƙididdigaggiya, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Layi ɗaya, max-width: 100% tare da height: auto, yana hana hoto ƙetare gefen allo. Amma ƙanƙanta hoto a ido bai rage nauyinsa ba. Hoton da aka ɗauka da waya kan kai megabait da dama, kuma sai an sauke shi duka ko da an nuna shi kamar kan sarki. Dole a rage fayil ɗin tun kafin a ɗora shi. Da srcset ana ba burauza girma daban-daban ta zaɓi wanda ya dace da allo, loading="lazy" kuma na jinkirta hotunan ƙasa har sai mai karatu ya gangaro.

Nau'in fayil ma da ruwansa. JPEG, na 1992, ya dace da hoton kyamara. PNG ya fi kyau ga zane da hoton da ake son bayansa ya zama garau. SVG ba ya dushewa komai girman da aka ba shi, don haka ya dace da tambari. WebP, wanda Google ya fitar a 2010, yakan fi JPEG sauƙin nauyi.

Masu ɗora rubutun Ajami ko Larabci, irin waƙoƙin Nana Asma'u, suna da ƙarin abin lura. Shafinsu daga dama yake farawa, da dir="rtl", amma float: left hagu yake nufi ko yaushe. Idan aka rubuta float: inline-start, hoton zai bi inda layi ke farawa. Hoton rubutun hannu kuma a sa shi cikin alamar figure, a rubuta bayaninsa da alamar figcaption, don su riƙa tafiya tare duk inda allo ya kai su.