Ƙa'idojin Dakon Man Fetur da Kaya Masu Haɗari a Hanyoyin Ghana

Dakon kaya masu haɗari shi ne jigilar duk wani abu da kan iya kamawa da wuta, ko fashewa, ko cutar da jiki da muhalli idan ya zube. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa irin waɗannan kaya gida tara: ababen fashewa su ne rukuni na 1, iskar gas na 2, fetur da dizal da kananzir kuwa na 3. Kowane abu yana da lamba mai alƙaluma huɗu da ake rubutawa a jikin mota, ta fetur 1203, ta dizal 1202, domin 'yan kwana-kwana su gane abin da ke ciki tun daga nesa, su san da me za su tunkari wutar.

A Ghana, Hukumar Man Fetur ta Ƙasa, wato NPA, wadda aka kafa da doka mai lamba 691 a 2005, ita ke ba tankokin mai lasisi, tana kuma bibiyar tafiyarsu ta na'ura. Sha'anin tuƙi yana ƙarƙashin dokar hanya ta 2004 da ƙa'idojinta na 2012, waɗanda suka hana direban motar haya yin tuƙi fiye da awa huɗu a jere ba tare da hutu ba. Yawancin man yana tasowa ne daga Tema, ya ratsa Nsawam da Nkawkaw zuwa Kumasi, wani ya zarce Tamale har iyakar Burkina Faso a Paga. Direbobi da yaran mota da dama a wannan hanya 'yan zango ne daga unguwanni irin su Ashaiman da Aboabo.

Kusan kowace ƙa'ida tana da dalili a cikin halin man kansa. Ba a cika tanki maƙil, saboda mai yana kumbura idan rana ta buge shi. An rarraba cikin tankin ɗaki-ɗaki, domin ruwan da ke tangal-tangal yana iya tura mota gaba lokacin taka birki, ko ya kifar da ita a kwana. Kafin a fara lodi ko sauke kaya, direba yana kashe inji, ya sa waigi a taya, ya ajiye tukunyar kashe gobara kusa da hannu, sannan ya maƙala wata waya daga jikin tankin zuwa ƙasa, saboda gudun mai a cikin tiyo yana tara lantarkin da tartsatsinsa ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka yana bin ƙasa, ya gangara cikin kwata, ya isa murhun mai abinci da ke nesa da motar. Wannan ne ya sa tankin da aka sauke ma ba a ɗauke shi a matsayin fanko ba, kuma ba a kusantarsa da wutar walda sai an wanke shi an fitar da tururin.

Ghana ta ga abin da sakaci ke jawowa. A ranar 7 ga Oktoba, 2017, iskar gas ta fashe a Atomic Junction da ke Accra yayin da wata tanka ke sauke kaya, mutum bakwai suka rasu, abin da ya sa gwamnati ta ɗauki tsarin musayar tukunyar gas, wanda manufarsa ita ce a mayar da ɗura gas manyan wurare nesa da gidajen jama'a. A ranar 20 ga Janairu, 2022, motar da ke ɗauke da nakiyar haƙar ma'adinai ta yi karo da babur a Apiate kusa da Bogoso, ta fashe, ta rushe mafi yawan ƙauyen, fiye da mutum goma suka mutu.

Raunin tsarin ya fi bayyana a inda mota ta tsaya. Ana iya duba takardu da hatimin tanki a depo, amma babu jami'in da ke tsaye a kan direban da ya yi fakin cikin unguwa da dare, ko a kan jama'ar da ke rugowa da jarka da bokiti idan tanka ta faɗi. Abin da ake buƙata a irin wannan hali shi ne a nisanci wurin ta ɓangaren da iska ke tahowa, a kashe kowace wuta, kada a tayar da inji a kusa, a kira hukumar kashe gobara a lamba 192 ko 112.