Yadda ɗan jimnastik ke sakin sanda ya tashi sama ya sake cafke ta

Wace irin sanda ce wannan?

Sandar ƙarfe ce mai tsawon mita 2.4 da kaurin santimita 2.8, wadda aka ɗaga mita 2.8 daga ƙasa. Maza kaɗai ke gasa a kanta. Mai kallo daga nesa zai ɗauka sandararriya ce, amma tana lanƙwasa in ta sha nauyi, sannan ta miƙe da ƙarfi.

Me ke cilla mutum sama haka?

Lilon da ya yi kafin ya saki. Yana zagaya sandar da hannuwa a miƙe, in ya zo gangara sai ya banƙare, yana wuce ƙasan sandar ya watso ƙafafu gaba kamar bulala. A nan ƙarfin da ke jan hannuwansa ya ninka nauyin jikinsa sau da dama, sandar ta lotsa ta adana ƙarfin, ta mayar masa yayin da yake hawa. Da ya saki, sai ya bi hanyar da yake fuskanta a wannan lokaci, tamkar dutsen majaujawa.

In ya saki ba daidai ba, zai iya gyarawa a sama?

Hanyar tafiyarsa dai ba ta gyaruwa. Da zarar yatsunsa sun rabu da ƙarfe, cibiyar nauyin jikinsa ta riga ta ɗauki layinta, ba abin da zai dogara da shi ya sauya ta. Ya saki da wuri ko ya makara, ko dai ya yi nisa da sandar ko ya faɗo mata a kai.  Tazarar da ke tsakanin biyun ba ta wuce ƙiftawar ido ba, shi ya sa nake ganin abin da 'yan kallo ke yi wa tafi a sama an gama shirya shi tun a ƙasan sanda.

Abin da ke hannunsa shi ne saurin juyawa. In ya dunƙule, gwiwa a ƙirji, juyin ya ƙara sauri; in ya miƙe jiki, ya ragu. Da haka yake auna lokacin buɗewa don ya hango sandar ya miƙa hannu.

Me ya sa ake kiran salon Tkachev mai ban mamaki?

Saboda alkiblar juyin tana sauyawa. Alexander Tkachev na Tarayyar Sobiyet ne ya fito da shi a 1977. Ɗan wasa na lilo ta baya, amma ya tsallake sandar jikinsa na juyawa gaba. Tunda ba a ƙirƙirar juyi a iska, dole ya samo shi yana riƙe da sandar, ta hanyar buɗe kwatangwalo da kafaɗu da ƙarfi dab da saki. Salon Kovacs kuwa, na Péter Kovács ɗan Hungary, alkafura biyu ce ta baya a saman sandar ba tare da sauya alkibla ba. 'Yan wasa Kolman da Cassina, waɗanda aka sa wa salonsu sunayensu, sun ƙara masa murɗawa guda cikakkiya, Cassina da jiki a miƙe. Epke Zonderland na Holan ya jera salon Cassina, Kovacs da Kolman a jere a Olamfik ta Landan a 2012, ya ci zinare.

Yaya hannu ke jure cafkar?

Da taimakon alli mai shanye gumi da makarin fata da ake ɗaurawa a wuyan hannu, mai ɗan guntun itace ko roba a wajen yatsu da ke maƙale sandar. Tazarar ma ana duba ta: wanda ya cafka da gwiwar hannu a lanƙwashe alƙalai za su rage masa maki, lilon da zai biyo baya kuma ya mutu. Wanda ya kuskure gaba ɗaya ya faɗi, maki 1 ya tafi. Don haka ake fara koyon waɗannan salo a saman rami cike da soso, wani lokaci da igiya a ƙugu, mai horarwa na riƙe da ɗaya bakin.