Tambayoyi da amsoshi kan ƴan talla da ƴan kamasho masu naci a Yamai

Yaya suke gane baƙo tun daga nesa?

Tafiyarsa ce take tona shi, domin yakan yi ta waige-waige yana tsayawa gaban kowace rumfa. A ƙofofin Babbar Kasuwa da tashar Wadata, kafin ya yi taku goma wani ya riga ya ce masa: "Alhaji, me ake nema? Zo in kai ka." Wannan ɗan kamasho ne, ba shi da kayan kansa, la'adar da mai kanti zai ba shi kuwa daga aljihun mai saye take fitowa.

Yaya ake ƙin saye ba tare da cin mutunci ba?

A ce "na gode, Allah ya ba da kasuwa", ana faɗa ana tafiya. Kada a ce "sai na dawo", domin zai riƙe maganar ya jira a ƙofa. Kada kuma a karɓi kayan a hannu, saboda mai agogo ko turare yakan janye hannunsa da zarar ya miƙa, ya bar mutum da abin yana neman wanda zai mayar wa. Tsawa ba ta da amfani a ganina, tunda yaron da ya wuni cikin ranar Yamai da tire a ka abincinsa yake nema.

Laifi ne a taya abin da ba a yi niyyar saye ba?

A al'adar kasuwa laifi ne. Idan ka taya ya ce "albarka", kana da damar wucewa, amma idan ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa, kuma janyewa a lokacin ita ce take jawo cacar baki. A kula da lissafi ma: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuwa sefa 1000, saboda haka a tabbatar da abin da ake nufi kafin a amsa.

Haka abin yake a biranen yawon buɗe ido na waje?

Ya ma fi tsanani. A dandalin Jemaa el-Fna na birnin Marrakech a ƙasar Maroko akan ɗora wa baƙo maciji ko biri a kafaɗa, a ɗauki hoto, sannan a nemi kuɗi. A wajen dalar Giza ta Masar kuma, wanda zai hau raƙumi ya yanke farashin hawa da na sauka tun ƙafarsa tana ƙasa.