Kaldera: Yadda Bakin Dutse Mai Aman Wuta Ke Zama Mashigin Teku

A farkon shekarar 2025, da girgizar ƙasa ta yi ta jijjiga tsibirin Santorini na ƙasar Girka har dubban mutane suka tattara nasu ya nasu suka fice, kalmar kaldera ta yawaita a bakin masu sharhi. Ɗaliban ilimin ƙasa a Samaru sun san ta daga aji, amma yawancinmu a Zariya mun ji ta ne ta wuce, domin mu da teku sai a hoto.

Kaldera wani ƙaton kwari ne mai zagayayyen baki da ke samuwa idan dutse mai aman wuta ya rufta a kan kansa. A ƙarƙashin irin wannan dutse akwai wani kogo cike da narkakken dutse. Idan aman ya yi tsanani, abin da ke cikin kogon ya fice cikin kwanaki kaɗan, sai rufin ya rasa madogara ya faɗa ciki. Ramin da ya rage yakan kai kilomita da yawa a faɗi. Wannan ya bambanta da ɗan bakin da ke saman dutsen, wanda toka ke fita ta cikinsa, kuma fashewa ce ke haƙa shi.

To, idan abin ya faru a gaɓar teku fa? Ka ɗauki ƙwarya mai gutsurarren baki ka danna ta a cikin ruwa: ta gutsuren ruwa zai shiga ya cika ta, sauran bakin kuma ya tsaya a sama. Haka mashigin yake kasancewa, ruwa kwance a tsakiya, ganuwar duwatsu kewaye da shi kamar rabin da'ira, sai ƙofa ɗaya ko biyu da ke fuskantar teku.

Santorini ita ce misalin da aka fi sani. Wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dutsen ya yi wani mummunan aman da ya binne garin Akrotiri a cikin toka. Da aka fara tone garin a 1967, an tarar da gidaje masu bene da zane-zane a jikin bango, amma ba a tarar da gawarwaki ba, alamar mutanen sun ga take-taken dutsen sun gudu tun da wuri. Yau kwarin ya kai kimanin kilomita 12 a tsawo da 7 a faɗi, gangaren bakinsa ya haura mita 300 a wasu wurare, kuma fararen gidajen nan da ake gani a hotunan amare a saman wannan gangaren suke.

Ba kowane irin wannan mashigi ne kaldera ba, ko da yake masu tallan yawon buɗe ido sukan haɗa su a kwando ɗaya. Mashigin Hanauma, a tsibirin Oahu na jihar Hawai ta Amurka, ta wata hanya dabam ya samu. Narkakken dutse ne ya taso ya gamu da ruwan teku, ruwan ya zama tururi nan take, aka yi fashewar da ta tara toka zagaye da ramin, tokar ta daskare ta zama dutse. Daga baya igiyar ruwa ta ci gefen da ke fuskantar teku ta shiga. A Niyu Zilan kuwa, tashoshin jiragen ruwa na Littalton da Akarowa zaizaya ce ta daɗe tana cin tsakiyar tsofaffin duwatsu, kafin teku ya tashi ya mamaye kwarurrukan.

Wani zai ce ai mu ma muna da Kufena. A'a. Dutsen Kufena bai taɓa aman wuta ba. A can ƙarƙashin ƙasa ya daskare sannu a hankali, zaizayar miliyoyin shekaru ce ta yaye ƙasar da ta rufe shi. Mai son ganin bakin dutsen da ruwa ya cika a Najeriya sai ya nufi tsaunukan Biyu a jihar Barno, inda tafkin Tila yake. Can ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa ne suka cika ramin, babu teku a kusa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda irin wannan wuri ke jan mutane. Ruwan yana da zurfi har kusa da gaɓa, duwatsun sun tare iska, saboda haka matuƙa jiragen ruwa ba su da abin so kamarsa, kuma inda jirgi ya tsaya nan kasuwa ke kafuwa. Sai dai kalmar “tsoho” da ake liƙa wa dutsen tana yaudara. Wasu sun mutu murus, kamar na Littalton da Akarowa. Wasu kuwa barci kawai suke yi.

Garin Rabaul na ƙasar Fafuwa Niyu Gini a cikin kaldera aka gina shi, saboda kyawun tasharsa, har sojojin Jafan suka mai da shi babban sansaninsu a 1942. Aman da aka yi a 1937 ya kashe fiye da mutum 500, amma aka sake gina garin a wurin. A watan Satumba na 1994 duwatsu biyu da ke bakin mashigin, Tavurvur da Vulcan, suka tashi rana ɗaya. Mutane sun riga sun fice, don haka waɗanda suka rasu kaɗan ne, amma nauyin toka ya ruguza yawancin gine-ginen. Bayan haka aka mayar da hedikwatar lardin zuwa Kokopo, jiragen ruwa kuwa har gobe a tashar Rabaul suke sauke kaya.