Karatun Manya a Majami'ar Yahudawa: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin labarin Yahudawa da ke isowa kunnen Bahaushe na yaƙi ne da siyasa. Ba kasafai ake jin yadda magidanci Bayahude, likita ne ko mai shago ko direban tasi, yake ci gaba da karatun addininsa har gemu ya yi furfura ba. Alhali wannan karatu na manya shi ne ƙashin bayan majami'arsu, wato wurin ibadarsu, kuma a kansa aka ɗora sauran hidimomin jama'a.

Majami'a ba wurin addu'a ba ce? Me ya kawo karatu cikinta?

A da, ibadar Yahudawa ta rataya ne a kan Haikalin da ke Birnin Ƙudus, inda ake yanka hadaya. A shekara ta 70 Miladiyya Rumawa suka rushe shi. Wani malami mai suna Yohanan ben Zakkai ya tattara almajirai a garin Yabne, malamai kuma suka tsayar da cewa addu'a da karatu da aikin alheri su ne za su cike gurbin hadaya. Akwai majami'u tun kafin wannan lokaci, amma daga nan ne nauyin addinin ya koma kansu. Shi ya sa a majami'u da yawa za ka tarar da ɗakin karatu, wanda suke kira bet midrash, cike da tebura da littattafai. A hukuncinsu ma ɗakin karatun ya fi ɗakin addu'a daraja: ana iya mayar da ɗakin addu'a na karatu, amma ba a mayar da na karatu ya koma na addu'a kawai.

Musa ɗan Maimun, babban malaminsu da aka haifa a Kurɗuba ta Andalus, ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa karatun Attaura wajibi ne a kan kowane namiji Bayahude, talaka ko mawadaci, mai lafiya ko majinyaci, saurayi ko tsoho, har da mai bara ƙofa-ƙofa. Ya ce kowa ya ware lokaci da rana da kuma da dare, kuma wajibin bai faɗuwa sai ranar mutuwa. Ke nan babu maganar wai an sauke an huta.

Me ake karantawa?

Tushen shi ne Attaura, littattafai 5 na Annabi Musa. An raba ta kashi 54, ana karanta kashin kowane mako a bainar jama'a ranar Asabar, a sauke cikin shekara, a koma farko a ranar da aka sauke. Darasin da ya fi kowanne yawa a majami'u shi ne na kashin mako, galibi tare da sharhin Rashi, wani malami da ya rayu a garin Troyes na Faransa daga 1040 zuwa 1105.

Sama da wannan akwai Mishna, tarin hukunce-hukunce da aka tsara wajen shekara ta 200, sai kuma Talmud, wato Mishna haɗe da muhawarar da malaman baya suka yi a kanta. Wanda aka fi karantawa shi ne Talmud na Babila, da ya fito daga makarantun Sura da Pumbedita a ƙasar Iraƙi ta yau. Ga masu farawa kuwa akwai ajin koyon baƙaƙen Ibrananci, da na ma'anar addu'o'i, da na tarihi, da na hukuncin abinci da Asabar. A daren idin Shabu'ot, wanda suke tunawa da saukar Attaura, majami'u da yawa kwana suke yi ana karatu har gari ya waye.

Yaya zaman karatun yake?

Wanda ya san karatun zaure a Kano ko Zariya, inda ɗan kasuwa kan zo da littafinsa bayan asuba ko bayan magariba ya ɗauki darasi ya wuce, zai gane rabin abin nan take. Su ma suna da irin wannan zama, malami yana ja yana fassarawa, suna kiransa shi'ur. Ɗaya rabin ne zai zo masa baƙo. Kafin a zauna gaban malami, ɗalibai kan kasu biyu-biyu, kowa da abokin karatunsa, wanda ake kira habruta. Ɗaya ya karanta jimla da ƙarfi ya faɗi abin da ya fahimta, ɗayan ya ƙi yarda har sai an kawo masa hujja. Ɗakin kan cika da hayaniya, hannuwa na tashi, yatsu na nuna layi.

Shafin Talmud kansa an tsara shi ne don wannan. Asalin nassin na tsakiya, sharhin Rashi a gefen ciki, sharhin jikokinsa da almajiransu a gefen waje, sau da yawa suna ja da kakan nasu. Wannan tsari ya kafu ne tun bugun da Daniel Bomberg ya yi a Venice tsakanin 1520 da 1523, kuma lambobin shafukansa ake bi har yau.

Ga misalin irin abin da ake gardama a kai, daga farkon wani babi na hukuncin dukiya. Mutum biyu sun zo gaban alƙali riƙe da mayafi ɗaya, kowa na cewa shi ya tsinta, duka nasa ne. Hukunci: kowa ya rantse cewa rabonsa bai gaza rabi ba, a raba biyu. To idan ɗaya ya ce duka nasa ne, ɗayan ya ce rabi ne nasa fa? Na farko ya ɗauki kashi uku cikin huɗu, na biyu kashi ɗaya, domin rabi guda babu mai jayayya a kansa, ɗaya rabin ne kawai za a raba. Sai tambayoyi su ɓarke. Me ya sa za a rantse a kan "bai gaza rabi ba" alhali mutum duka yake nema? Idan a hannun ɗaya kaɗai mayafin yake fa? Mutum biyu kan shafe awa guda a kan layuka kaɗan.

Talmud ya kawo labarin wani rabbi, wato malamin addininsu, mai suna Yohanan (ba ben Zakkai ba), wanda abokin karatunsa Resh Lakish ya rasu. Aka kawo masa wani haziƙi don ya ɗebe masa kewa, shi kuwa duk abin da Yohanan ya faɗa sai ya kawo nassin da ke goyon bayansa. Yohanan ya ƙi wannan. Ya ce marigayin kan kawo masa suka 24 a kan kowace magana, shi kuma ya ba da amsa 24, ta haka ilimin ke yalwata. A ganina wannan ne mafi kyawun abin da ke cikin al'adar: babba ya zauna da wanda zai ce masa bai gamsu ba, ya kuma ɗauki hakan a matsayin gata.

Mai fita nema tun safe, ina zai samu lokaci?

Tsohuwar matsala ce, kuma tun a Babila aka nema mata mafita. Makarantun can kan buɗe ƙofa ga manoma da 'yan kasuwa wata biyu a shekara, Adar da Elul na kalandar Yahudawa, lokacin da aikin gona ya lafa. Wani malaminsu mai suna Raba ya roƙi ɗalibansa kada su zo masa a watannin girbi da matsar inabi, don kada neman abinci ya dame su shekara guda cur.

Mafita ta zamani ita ce Daf Yomi, shafi ɗaya kullum. Rabbi Meir Shapiro na Poland ne ya kawo shawarar a wani taro a Vienna a 1923. Talmud na da shafi 2,711, kowanne gaba da baya, don haka ana saukewa cikin shekara 7 da wata 5. Hikimarsa ita ce duk duniya a kan shafi ɗaya ake, matafiyi ya sauka a baƙon gari ya shiga majami'a ya tarar ana daidai inda ya tsaya. Yawanci ana darasin ne da sassafe kafin addu'ar safe, kamar awa ɗaya. A New York an shafe shekaru ana yin sa a cikin taragon jirgin ƙasa mai kai ma'aikata cikin gari. Ranar 1 ga Janairun 2020, kimanin mutum 90,000 suka cika filin wasa na MetLife a New Jersey don bikin sauka ta 13. Su kansu malaman sun san shafi guda a rana gudu ne, ba ya barin a nutse. Amma yana hana mutum yankewa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali.

Wanda ya girma bai san ko baƙi ba fa?

Irinsa suna da yawa, musamman a Amurka da Turai, inda yara da dama kan ajiye karatu da zarar an yi musu bikin balaga. Akan ƙarfafa musu gwiwa da labarin Rabbi Akiba, makiyayin da aka ce bai fara karatu ba sai yana da shekara 40, ya zama jigon malamai.

A 1920 Franz Rosenzweig ya buɗe gidan karatun manya a Frankfurt domin Yahudawan Jamus da boko ya nisanta da addini. Cikin malamansa har da likita da masanin haɗa sinadarai, don yana son a fara daga tambayoyin da mutum ke ɗauke da su a rayuwa a dawo ga nassi. 'Yan Nazi sun rufe gidan a 1938, amma salonsa ya bazu. Shirin Melton, wanda aka fara a 1986 tare da Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus, yana kai manhajar manya majami'u a ƙasashe da dama. Fassara ma ta sauƙaƙa abin: Rabbi Adin Steinsaltz ya fara mayar da Talmud zuwa Ibrananci na zamani a 1965, ya kammala a 2010, kuma yanzu ana samun aikinsa kyauta a manhajar Sefaria.

Mata na ciki?

Ya danganta da ɓangare. Ƙarni da yawa Talmud na maza ne. A 1917 wata tela, Sarah Schenirer, ta buɗe wa 'yan mata makaranta a Krakow. Nechama Leibowitz kuma ta kwashe kusan shekara 30 daga 1942 tana aika takardun tambayoyi kan kashin mako ta gidan waya, mutane su amsa su mayar mata, ta gyara da hannunta. A ɓangarorin Reform da Conservative, masu sassauci, maza da mata tare suke zama, mata na zama rabbi, kuma akwai tsofaffin da ke komawa aji don yin bikin balagar da ba a yi musu ba suna yara. A wajen 'yan Orthodox, masu riƙo da tsohuwar hanya, akan raba aji, masu tsananin riƙo kuma har yau ba sa koya wa mata Talmud. Duk da haka a Janairun 2020 dubban mata sun yi nasu bikin saukar Daf Yomi a Ƙudus.

Ban da karatu, wace hidima majami'a ke yi?

Akwai ƙungiyar duba marasa lafiya, da asusun sadaka, da asusun rance ba ruwa da suke kira gemak, tunda Attaura ta hana su cin ruwa a tsakaninsu. Wasu gemak ɗin ba kuɗi suke ba da aro ba, rigar amarya ce ko keken guragu ko kujerun biki. Mafi daraja ita ce ƙungiyar jana'iza, 'yan sa-kai masu wanke gawa su sa mata farin likkafani marar ado, maza na maza, mata na mata. Ta birnin Prague tun 1564 aka kafa ta.

Idan an yi rasuwa, iyalan mamaci kan zauna gida kwana 7 a kan ƙananan kujeru. Maƙwabta ne ke kawo abincin farko bayan binnewa, a kuma tara mutum 10 a gidan don a yi addu'ar jam'i. Tsakanin addu'o'in sai wani ya buɗe Mishna ya karantar da 'yan layuka da sunan mamacin. Sau da yawa waɗanda ke cika gidan su ne mutanen da suka saba zama teburin karatu ɗaya da shi.

A Amurka an faɗaɗa abin sosai. Rabbi Mordecai Kaplan ya jagoranci wata cibiya a New York a 1918 wadda ta haɗa majami'a da wurin ninƙaya da na motsa jiki, don matasa su samu dalilin zuwa ko ba ranar ibada ba.

Wa ke biyan kuɗin duk wannan?

A Amurka iyalai ne, ta hanyar kuɗin rajista na shekara da gudummawa, domin ba a taɓa kuɗi ranar Asabar balle a zaga da faranti. Darasin rabbi yawanci kyauta ne, kwasa-kwasai masu manhaja kuwa akan biya. Kuɗin shekarar kan yi wa sababbin ma'aurata nauyi, har wasu majami'u sun koma kowa ya ba da abin da zai iya.

Ba siyasar Isra'ila ake cusa wa mutane ba?

Akwai majami'u da yawa masu shirya lacca kan Isra'ila da tafiye-tafiye zuwa can, kuma galibinsu suna da ƙauna gare ta. Akwai kuma inda ake zazzafar gardama kan yadda ake zaluntar Falasɗinawa, akwai ɗarikar Satmar da ke adawa da kafa ƙasar tun asali bisa hujjar addini. Shi karatun da muke magana a kai ya girmi kafa ƙasar a 1948 da ƙarni masu yawa, kuma da yawansa a kan Asabar ne da aure da bashi da gado.

Wanda ba Bayahude ba zai iya halarta?

A majami'un Reform da Conservative, azuzuwan gabatarwa a buɗe suke ga kowa, kuma akan samu Kiristoci da Musulmi da suka zo don sani kawai. Yahudawa ba sa fita wa'azin jawo mutane cikin addininsu. Mai son shiga kan yi karatun shekara guda ko fiye, ya tsaya gaban majalisar mutum 3, ya yi wankan nutsewa. Mai son ziyara kuwa ya kamata ya sanar tun da wuri, domin tun bayan harin da ya kashe mutum 11 a wata majami'a a Pittsburgh ranar 27 ga Oktoban 2018 an tsaurara tsaro a ƙofofi. Namiji zai tarar da 'yar hula a bakin ƙofa da zai ɗora a ka, kuma idan ranar Asabar ce a majami'ar Orthodox, ba a latsa waya, ba a rubutu, ba a ɗaukar hoto.