Waiwaye: Alhakin Lafiyar Ma'aikaci a Damagaram, Daga Uban Gida Zuwa Shugaban Kamfani

Idan magini ya faɗo daga saman gini a Damagaram, ko ƙasa ta rufta da mai haƙar rijiya a wani ƙauye na Mirriya, kalmar da ake fara ji a bakin jama'a ita ce tsautsayi, a kuma ƙara da cewa ba ya wuce ranarsa. Kalma ce ta ban haƙuri, kuma tana da muhallinta a wurin zaman makoki, sai dai sau da yawa takan rufe bakin wata tambaya da ya kamata a yi bayan an share makokin: wane ne ya sa shi aikin, kuma wane ne ya duba igiyar ko tsanin kafin ya hau? Tarihin kiyaye lafiyar ma'aikata, a nan da sauran duniya, tarihin wannan tambayar ne, da yadda amsarta ta yi ta matsawa daga kan wanda ya ji rauni zuwa kan wanda ke ba da umarni.

Tun kafin zuwan Turawa Damagaram gari ne na sana'o'i masu haɗari. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, an kewaye Birni da ganuwa, maƙera sun ƙera igwa, majema suna jiƙa fata a ruwan toka da bagaruwa, fatake kuma suna ratsa Sahara da kaya har Tarabulus. Babu wata rubutacciyar doka game da lafiyar masu waɗannan ayyuka, amma akwai tsari, domin kowace sana'a tana da shugabanta, kamar sarkin maƙera da sarkin magina da sarkin fawa, kowane mai koyo kuma yana ƙarƙashin wani uban gida da ya karɓe shi amana daga hannun iyayensa. Ba a barin yaro ya kusanci narkakken ƙarfe sai ya daɗe a kan zugazugi, kuma idan ya ƙone, kowa ya san ƙofar gidan da za a je, domin jinyarsa da cinsa suna wuyan wanda ya koya masa.

Wannan tsari yana da abin yabo guda ɗaya da har yau ba a maye gurbinsa ba, wato alhakin yana kan mutum sananne mai suna da gida da kunya. Yana kuma da giɓi biyu da bai dace a ɓoye ba. Ya fi ƙwarewa wajen jinya bayan abu ya faru, bai damu sosai da cutar da ke cin mutum a hankali ba, irin tarin da hayaƙi da ƙura ke haifarwa bayan shekaru ashirin. Sannan babban kaso na aiki mafi wuya bayi ne suka yi shi, su kuwa ba su da bakin da za su ce aikin nan zai halaka mu.

Shekarar 1898 tana da abin lura. A ranar 9 ga Afrilun shekarar Faransa ta kafa dokar da ta ɗora wa mai masana'anta biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ko da ba a tabbatar da laifin maigidan ba. Makonni kaɗan bayan haka aka kashe Kyaftin Kazmaju, wani hafsan sojan Faransa, a Damagaram, a 1899 kuma sojojin Faransa suka kama garin. Tutar ta iso, dokar diyyar ba ta biyo ta ba. Abin da talakan Damagaram ya gani, a lokacin da garin yake hedkwatar mulkin mallaka har zuwa 1926 da ma bayan an mayar da ita Yamai, shi ne aikin tilas: dakon kaya a ka, gyaran hanya, da gine-ginen hukuma, inda ake rubuta wa kowane gari adadin ƙartin da zai bayar. Wanda ake iya maye gurbinsa da umarni ɗaya, ba a kashe ko dala don kare lafiyarsa, shi ya sa mutane da dama suka gwammace su tsallaka iyaka zuwa ƙasar Kano da Daura. Sai a ranar 11 ga Afrilun 1946 aka soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Hufuwet-Bwanyi, ɗan majalisar Faransa daga Kodebuwa wanda ya gabatar da ita.

Daga nan abubuwa suka ɗan yi sauri. Bayan yajin aikin gama-gari da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi a Afirka ta Yamma ta Faransa a watan Nuwamban 1952, an kafa kundin dokokin ƙwadago na ƙasashen da ke ƙarƙashin Faransa a ranar 15 ga Disamba, wanda ya ƙayyade sa'o'in aiki, ya kuma ƙarfafa aikin sufetocin ƙwadago. A 1957 aka fitar da dokar diyyar haɗurran aiki da cututtukan sana'a. Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, ta shiga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1961, ta yi nata kundin a 1962, sannan a 1965 aka kafa asusun CNSS, wanda har yau shi ke biyan kuɗin magani da diyya ga ma'aikacin da aka yi wa rajista, da kuɗin da mai ɗaukar aiki ke zubawa. Ci gaba ne babba, amma tunanin zamanin bai wuce nan ba: a ji rauni, a cika takarda, a biya.

Sauyin tunanin daga waje ya zo, kuma da tsada aka saye shi. Shekaru da yawa masana'antun Turai da Amurka sun tafi a kan cewa yawancin haɗurra sakacin ma'aikaci ne, don haka maganinsu gargaɗi ne da tara da kora. A 1972 wani kwamiti a Ingila ƙarƙashin Lod Robens ya kawo shawarar da ta zama ginshiƙin dokarsu ta 1974, cewa wanda ya haifar da haɗari ta hanyar kasuwancinsa shi ne ya fi cancanta ya shawo kansa, tare da waɗanda ke aiki a cikinsa. Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1981, ta tabbatar da haƙƙin ma'aikaci na janye jikinsa daga aikin da yake da dalilin ganin zai iya halaka shi nan take, ba tare da an hukunta shi ba. Sai bala'in Bofal na Indiya a 1984, inda iskar guba daga masana'antar maganin ƙwari ta kashe dubban mutane, da gobarar dandalin haƙar mai na Piper Alpha a 1988 da ta ci rayuka 167. Binciken da ya biyo bayan irin waɗannan masifu ya riƙa komawa wuri guda: kuskuren da ƙaramin ma'aikaci ya yi a daren da abin ya faru ya samo asali ne daga shawarwarin da aka yanke a ofis tun da daɗewa, na rage kuɗin gyara, ko rage ma'aikata, ko yin biris da ƙorafi.

Wannan ne ya haifi abin da ake kira tsarin tafiyar da lafiya da kariya a wurin aiki, wanda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da jagorarsa a 2001, daga baya kuma ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 45001 na 2018 ya keɓe babi guda ga shugabanci da shigar ma'aikata cikin lamarin. Ma'anarsa ba ta da wuyar fahimta. Ana fara zagaya wurin aiki a gano abin da zai iya cutarwa, a kawar da shi idan zai kawu, idan ba zai kawu ba a musanya shi da mai sauƙi, ko a sa masa shinge, ko a sauya yadda ake aikin. Hular kwano da safar hannu da takunkumi su ne matakin ƙarshe, ko da yake a wurinmu su ne ake fara nunawa idan baƙi sun zo, saboda su ne ke fitowa a hoto.

A takarda Nijar ba ta yi baya ba. Ta sabunta kundinta a 1996, ta amince da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 155 da 161 da 187 kan lafiyar ma'aikata a 2009, sannan dokar ƙwadago ta 25 ga Satumban 2012 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ɗauki matakan kare rai da lafiyar ma'aikatansa, ya horar da sababbin shiga, ya kuma kafa kwamitin lafiya da kariya idan ma'aikatansa sun kai goma. A 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya wurin aiki mai aminci cikin haƙƙoƙin asali na ma'aikaci, sahu ɗaya da haramcin aikin tilas.

A Damagaram kuwa, babbar masana'anta irin ta zamani ta iso ne da matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011 a kan hanyar Tanut, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man da ake turowa ta bututu daga Agadem, kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar tana da 40. Harkar mai a ko'ina ba ta tafiya sai da tsauraran ƙa'idoji, kamar rubutaccen izini kafin a yi walda kusa da tanki, da atisayen kashe gobara, da jami'an da ba su da wani aiki sai sa ido. Ta wannan ƙofa matasan jihar da dama suka san cewa kiyaye lafiyar ma'aikata fanni ne da ake karantawa a kuma ci abinci da shi.

Sai dai wanda ya zagaya daga kasuwar Dole zuwa Zango, ya leƙa garejoji da rumfunan walda da wuraren fasa dutse a gefen gari, zai ga cewa yawancin masu aiki a Damagaram ba su taɓa shiga lissafin mutum goman nan ba, kuma ba su da lambar CNSS. Yaron mai walda yana kallon wuta da baƙin tabarau na kasuwa, da dare a ɗiga masa magani a ido. Mai fasa dutse yana shaƙar ƙurar da ke daskarar da huhu, cutar da ba ta warkewa. 'Yan ruwa-ruwa suna zuƙo fetur da baki ta tiyo, suna kwana ɗaki ɗaya da jarkoki. Tun da aka gano zinariya a Jado ta jihar Agadas a 2014 samari suke tafiya ramukan da babu mai duba ƙarfin bangonsu, kuma ruftawar ramin Ɗan Isa a jihar Maradi a Nuwamban 2021, wadda ta kashe aƙalla mutum 18, ta nuna abin da hakan ke jawowa. Ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya ce kusan mutum miliyan uku ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aiki, kuma mafi yawansu cuta ce ke kashe su a hankali, ba faɗuwa ko gobara ba. Irin wannan mutuwa ba a rubuta ta a matsayin haɗarin aiki, a gida ake jinyarta, a ce ajali ne.

A nan ne nake ganin tsohon tsarinmu da sabon ilimin suka haɗu. Duk binciken da aka yi tun daga 1972 ya dawo ne kan abin da maƙeran Birni suka sani, cewa inda saniyar gaba ta sha ruwa nan ta baya ke sha. Shugaban da ke shiga wurin aiki babu hular kwano ya riga ya soke dokar da ya manna a bango, wanda kuma ke tsawata wa mai kawo rahoton matsala ya koya wa sauran su yi shiru. Haka abin yake ga 'yan kwangila da leburorin yini, waɗanda galibi su ake tura wa aiki mafi haɗari alhali sunansu ba ya cikin littafin kowa. Addini ma bai ba shugaba mafaka a bayan ƙaddara ba, domin umarnin da aka ba mai raƙumi shi ne ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma kowane mai kiwo abin tambaya ne game da abin da aka ba shi kiwo.

Sufetocin ƙwadago ba za su iya taka kowane gareji daga Magariya zuwa Gure ba, kuma ba a kafa kwamiti a rumfar mutum biyar. Amma kowace rumfa tana da maigida, kowace sana'a tana da ƙungiya da shugabanni, sarakunan sana'a kuma har yanzu ana jin maganarsu a fada da kasuwa. Su ne ke sasanta rikicin kuɗin aiki, su ne ke haɗa gudummawa idan ɗayansu ya karye. Abin da ba a ɗora musu ba tukuna shi ne su shardanta gilashin walda na gaskiya kafin a karɓi yaro koyo, su hana shiga rijiya ba tare da igiya ta biyu da mai tsaro a baki ba, su kuma riƙa rubuta sunan duk wanda ya ji rauni da abin da ya ji masa, ko da a littafin makaranta ne na dala ashirin.